Shirun da Ake Ƙirgawa: Daga Taushin Jankiɗi Zuwa Takardar 'Yan Badujala

In ka tsaya kusa da 'yan badujala ranar fareti, bar kallon masu busa, dubi wanda ya sauke ƙahonsa. Za ka ga leɓɓansa na motsi a hankali, babban yatsansa na bin gaɓoɓin sauran yatsu, har ka ɗauka tasbihi yake ja. Ba hutawa yake ba. Shiru yake ƙirgawa, don ya san ainihin bugun da zai sake shigowa a kai. Ga mai koyon kiɗa daga takarda, wannan ƙirgen kan fi busan kansa wuya. In ya riga lokaci da bugu ɗaya, ko ya makara da bugu ɗaya, duk filin zai ji, har wanda bai san komai a kan kiɗa ba.

Me ya sa shiru zai buƙaci lissafi? Yaya masu takarda suke yin lissafin? Kuma ina ruwanmu, mu da manyan makaɗanmu ba su taɓa riƙe takardar kiɗa ba? Tambaya ta ƙarshe ce ta fi damuna, kuma ita ce ta sa na ɗauko maganar daga ƙasar Bunguɗu. A can, a Rawayya, aka haifi Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya rasu a 1973. Duk mai kunnen da ya saurari faifansa ya san rabin gwanintar tawagarsa tana wurin sanin lokacin da kowa zai kame bakinsa. Amma bari mu fara da masu takarda, don su ne suka yi wa shiru alama.

Rubutun kiɗan Turawa layuka biyar ne a jere, an yanka su da sanduna a tsaye. Abin da ke tsakanin sanda da sanda shi ne gida ɗaya, kuma lambobin da ke farkon shafi su ke faɗin bugu nawa ne a kowane gida: huɗu a mafi yawan kiɗan da aka saba ji, biyu a yawancin kiɗan maci, uku a wasu. Dokar ita ce gida ba ya zama da giɓi. In bugu huɗu ne, sai an cika huɗun, ko da sauti ko da shiru. Saboda haka kowace alamar sauti tana da takwararta ta shiru mai tsawo iri ɗaya. Shirun bugu huɗu ɗan baƙin tubali ne da ke rataye a ƙarƙashin layi na huɗu, in an ƙirga daga ƙasa. Na bugu biyu irin tubalin ne, amma yana zaune a kan layi na uku. Na bugu ɗaya wani lanƙwasasshen zane ne a tsaye, na rabin bugu kuma ya yi kama da lamba 7. Masu koyo kan rikita na huɗu da na biyu, tunda bambancinsu rataya da zama ne kawai. Akwai kuma wani tarko: tubalin da ke rataye shi ake sa wa duk gidan da babu sauti a cikinsa, ko da gidan mai bugu uku ne ko shida. Wanda ya haddace cewa alamar nan huɗu ce a ko'ina, ranar da ya shiga kiɗa mai bugu uku zai riƙa makara a kowane gida.

Ba tun farko aka san wannan ba. Guido, wani malamin coci a garin Arezzo na Italiya, shi ake jingina wa tsara layukan a farkon ƙarni na 11, amma nasa rubutun hawa da saukar murya yake nunawa, bai faɗi tsawon lokaci ba. Sai a ƙarni na 13, a littafin Franco na birnin Kolon, aka sami tsari mai ƙa'ida inda siffar alama ke faɗin tsawonta, har da alamomin shiru. Dalilin a bayyane yake. Muddin kowa abu ɗaya yake rerawa, numfashin babba ya isa ya tsayar da kowa. Da aka fara raba muryoyi, wannan na bin hanyarsa, wancan na bin tasa, dole a san tsawon shirun kowa, in ba haka ba a yi karo.

Daga nan matsalar ta girma. A babbar tawagar makaɗan Turawa, mai mutum tamanin ko ɗari, madugu mai jan ragamar tawagar ne kaɗai ke da littafin da ya tara aikin kowa. Mai sarewa nasa layin kawai yake gani, mai ganga ma haka. In mai ƙaho ba shi da abin yi na tsawon gida 32, ba a zana masa gidaje 32 wayam, sai a ja baƙar sanda guda a kwance, a rubuta 32 a samanta. Shi ke nan abin da aka ba shi. A kiɗan da ke tafiya bugu 120 a minti, gida mai bugu huɗu daƙiƙa 2 ne, wato zai yi daƙiƙa 64 yana zaune, kiɗa na gudana a kansa, babu abin da ke gabansa sai lamba.

Dabarar da ake koya wa kowa ita ce a mayar da bugun farko na kowane gida lambar gidan. Maimakon ɗaya-biyu-uku-huɗu a yi ta maimaitawa har mutum ya manta sau nawa ya faɗa, sai a ce ɗaya-biyu-uku-huɗu, biyu-biyu-uku-huɗu, uku-biyu-uku-huɗu, a haka har a kai 32. Baki na riƙe bugu, yatsu na riƙe gida. Makaɗa biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa sukan ɗaga wa juna yatsa a ɓoye idan an kai wata alama, don kowa ya tabbatar lissafinsa bai zame ba. Masu buga littattafan kuma sukan taimaka da haruffa ko lambobi a manyan mahaɗai, su kuma sa wasu ƙananan alamomi kafin wurin shiga, masu nuna abin da wani makaɗi ke yi a daidai lokacin. Ba don a busa su aka sa ba, don a ji su ne a ce: to, saura gida biyu. Ƙwararru kan ƙara nasu da fensir.

Duk da haka ana ɓata, kuma ba ƙarancin ilimin lissafi ke jawo shi ba. Mutum in ya yi shiru, zuciyarsa kan yi gaggawa, ƙirgensa ya riga kiɗan. Wani lokaci a tsakiyar shirun ne madugu zai rage sauri, ko awon gida ya sauya daga huɗu zuwa uku, ko a ci karo da alamar tsayawa wadda tsawonta yana hannun madugu. Mai ƙirge da ido a ƙasa ba zai ga ko ɗaya ba. Sai kuma abin da ya fi kama masu busa: sun ƙirga daidai, amma sai da lokaci ya yi suka ɗaga ƙaho suka ja numfashi. Gidan ƙarshe na shiru ba na zama ba ne, na shiri ne. Akwai kuma daɗin kiɗa kansa. Mai sauraro na da damar ya lula, mai jiran shiga ba shi da ita.

Misalin da makaɗan Turai ke yawan tsokanar juna da shi yana cikin babban kiɗan da Dvorak, mutumin ƙasar Cek, ya tsara yana zaune a Amurka, aka fara kaɗa shi a Niyok a watan Disamba 1893. Kiɗan ya haura minti 40. Mai busa babban ƙaho mai kauri sauti 14 kacal aka rubuta masa, dukansu a kashi na biyu. Mai farantan tagulla kuwa sau ɗaya tak zai taɓa su, can a kashi na ƙarshe. In ya kuskure wannan bugu guda, babu na biyu da zai gyara. Beethoven ma, kiɗansa na biyar da aka fara kaɗawa a Biyana a 1808, wanda ko a wayoyin hannu ana jin buɗewarsa, a takarda ba da sauti ya fara ba, da shirun rabin bugu ya fara. Mai sauraro ba ya jin wannan shirun, amma shi ke ba sautukan da suka biyo baya ƙarfin faɗowarsu. Tawagar da ta raina shi, buɗewarta kan fito a sanyaye. Wani Ba'amurke, John Cage, ya kai abin ƙarshe a 1952 da ya rubuta kiɗa na minti 4 da daƙiƙa 33 wanda babu sauti ko ɗaya a cikinsa. Wannan kam na bar wa masu falsafa.

A Arewa, inda aka fi cin karo da kiɗan takarda shi ne badujalar soja da ta 'yan sanda, sai mawaƙan coci. Su na coci galibi ba layuka biyar suke bi ba, tsarin do-re-mi ne da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, 'yan mishan suka zo da shi. A can shiru ba shi da zane ko kaɗan: fili ake bari wayam tsakanin ɗigo da ɗigo. Ya fi sauƙin koyo, ya kuma fi sauƙin tsallakewa, don ido ba ya tsayawa inda bai ga komai ba.

To, mu dawo gida. Tawagar makaɗin fada irin ta Jankiɗi, ko ta Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, ko ta Sa'idu Faru, ko ta Narambaɗa, an gina ta ne a kan miƙa wa juna magana. Jagora ya ɗauko ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa, a koma gindin waƙa, a sake fita. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan Jankiɗi, ya rarrabe hanyoyin wannan karɓa, kamar ƙari da tarbe da rakiya da karɓeɓeniya. Ka ɗauki tarbe kawai. Jagora ya fara saɗara ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe ta su ƙarasa, ba tare da an ji wurin ɗinki ba. Mutum huɗu ko biyar ne za su buɗe baki a bugu guda, alhali hannuwansu na kan kotso ko taushi suna wani aikin daban. Wannan ita ce matsalar mai ƙahon nan da ke jiran gida na 33, ba ragi. Bambancin kawai, shi an ba shi lamba, su ba a ba su ba. Wanda ke son ya ji abin da kunnensa ya nemi waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu, ya bar bin ma'anar kalmomi na ɗan lokaci, ya bi wuraren da murya ɗaya ke sauka wata ta hau.

Yaya suke yi ba tare da ƙirge ba? Ni a ganina suna ƙirgawa, sai dai ba da lamba ba. Kiɗanmu zagaye yake yi. Akwai ƙaramar ganga, irin kanzagi ko kuntuku, da ke maimaita salo ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kuma kowane zagaye nata shi ne awon da jiki ke riƙewa. Ɗan amshi ba ya cewa saura bugu shida, ya dai san cewa zagayen bai rufe ba. Ga kuma kalmomin: Hausa harshe ne mai karin sauti da dogayen gaɓoɓi da gajeru, don haka saɗarar da jagora ya ɗauko tana ɗauke da tsawonta a cikinta. Uwa uba zama tare. Yawancin 'yan amshin waɗannan makaɗa 'ya'ya ne da ƙanne da barori da suka shekara ashirin ko talatin a bayan mutum ɗaya. Sun san yadda yake jan numfashi in zai tsaya, sun san yadda yake karya murya in yana son a tarbe shi. Takarda an ƙirƙiro ta ne don baƙi su iya kiɗa tare bayan gwaji biyu. Gidan makaɗa bai buƙace ta ba saboda babu baƙo a cikinsa.

Kuma shirun jagora a wurinmu ba fili ne wayam ba. A cikinsa yake numfasawa, a cikinsa yake ƙulla ɗan waƙa na gaba, musamman in ya hango wani babba ya shigo fada wanda dole a ambace shi. A cikinsa sanƙira ke kutsowa da kirari, ko ya sanar da kyautar da aka yi, a cikinsa ake rangaɗa guɗa. Sanƙiran da bai san wurin shigarsa ba, ya hau kan maganar jagora, ba ya daɗewa a tawaga. Mai algaita ne kaɗai ya kuɓuta daga wannan doka, shi da ke tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, sautinsa ba ya yankewa. Shi ya sa kakaki, mai faɗin magana guntu-guntu ya tsaya, ya fi shi kwarjini.

Kada kuma a ce auna lokaci da yi wa tsayawa alama baƙon abu ne ga Bahaushe. Ba ina haɗa karatun Alƙur'ani da kiɗa ba ne, Allah ya kiyaye, hanyarsu daban, hukuncinsu daban. Amma duk yaron da ya yi tajwidi a Gusau ya san ana auna madda da motsin yatsa, biyu ko huɗu ko shida, ya san alamomin waƙafi, ya san sakta, wato ɗan tsayawa ba tare da jan numfashi ba, wadda a ruwayar Hafs take a wurare huɗu sanannu. Al'ummar da ta riƙe wannan daki-daki tsawon ƙarnoni ba za a ce mata rubuta shiru ya fi ƙarfinta ba.

Masu koyarwa sun daɗe suna jayayya kan wanne ya fi, ƙirge ko kunne. Masu ƙirge na cewa kunne mayaudari ne, salo ɗaya kan dawo sau biyu, ka shiga a na farko alhali na biyu ake nufi. Masu kunne na cewa wanda ya dulmuya cikin lambobi yakan shigo daidai amma kamar an jefo shi, bai san abin da ake ciki ba. Kowannensu na da gaskiya, amma ba daidai wa daida ba. Ƙirge sanda ce ta ranar farko, da ranar da aka kawo sabon kiɗa, da ranar da tsoro ya kama mutum. Inda ake son a kai shi ne inda 'yan amshin Jankiɗi suke, wato ka san kiɗan duka, ba naka yankin kaɗai ba, har shigarka ta zama ba ta da wani wuri sai nan. Ƙwararrun Turai ma da suka shekara suna kaɗa abu ɗaya can suke ƙarewa, lambar ta zama abin duba kawai.

Sai dai akwai inda rashin takarda yake cutar da mu, kuma nan ne na fi son a tsaya. Gidajen makaɗan fada suna raguwa. Rashin tsaro ya watsa ƙauyuka da dama a Zamfara, fada ba ta ɗaukar nauyin makaɗa kamar da, 'ya'yan gidan sun kama wasu sana'o'i. Ilimin da ke zaune a jiki kaɗai, in jikin ya tafi ya tafi da shi. Abin da manazarta suka adana mana, kuma Allah ya saka musu, kalmomi ne: a rubuta Jagora, a sa layinsa, a rubuta 'Yan Amshi, a sa nasu. Ka buɗe kowane kundin digiri a kan waƙar baka, haka za ka gani. Babu inda aka nuna bugu nawa jagora ya bari kafin a tarbe shi, ko a wane wuri cikin zagayen taushi amshi ke faɗowa. Wanda ya karanta waƙar Jankiɗi a takarda bai taɓa jin ta ba, ba zai iya tayar da ita ba ko kusa. An adana abin da aka faɗa, an bar lokacin da aka faɗe shi.

Waɗanda suka ɗan taɓa wannan ɓangare yawancinsu baƙi ne. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Fremont Besmer ya yi aiki a kan makaɗan fadar Kano a farkon shekarun 1970. Russell Schuh, wanda ya rasu a 2016, ya daɗe yana auna karin waƙoƙin Hausa, kuma aikin da suka yi da Bruce Hayes, da ya fito a 2019, ya nuna cewa awon baiti a rubuce daban, yadda mai rerawa ke shimfiɗa shi a kan bugu daban. In haka ne a rubutacciyar waƙa mai aruli, ina ga waƙar baka.

Ba ina cewa a ɗauko layuka biyar na Turawa a ƙaƙaba wa taushi ba. Sandunan gidajensu na sa mai karatu ya zaci bugun farko ne ke da nauyi a kullum, kiɗanmu kuwa ba nan yake ajiye nauyinsa ba a kowane lokaci. Ga shi kuma jagora ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu, Mamman Shata ma shaida ne. Akwai hanya mafi sauƙi da aka ƙirƙiro a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis a shekarun 1960 don gangunan Gana, James Koetting ya bayyana ta a rubuce a 1970. Jerin akwatuna ne, kowane akwati ƙaramin bugu ɗaya, kowace ganga da layinta. Inda aka buga a sa alama, inda ba a buga ba a bar shi. Kamar gurabun dara ne: gurbin da babu ɗa a ciki ba ya fita daga lissafi, shi ne ma mai wasa ya fi sa wa ido. Ɗalibi zai koyi wannan a zama ɗaya. Abin dariya ma, yaran da ke haɗa kiɗa da kwamfuta a situdiyoyin Kano da Kaduna da Gusau irin akwatunan nan suke kallo kullum a allon na'urarsu. Illarsu ɗaya, sun tsani akwati wayam. Duk inda suka ga fili sai sun cusa masa wani sauti, shi ya sa waƙoƙin zamani da yawa suke cika kunne ba su bar wurin da magana za ta sauka ba.

Faifan Jankiɗi da na Ɗanƙwairo da na Sa'idu Faru suna nan a gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato, suna kuma yawo a wayoyin mutane. Akwai sauran tsofaffin 'yan amshi da ke raye waɗanda za su iya cewa nan ne ake shiga, nan ba a shiga. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da aka kafa a 2013, tana kan hanyar Zariya, tsakaninta da Tsafe da Bunguɗu tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. Malaman Hausa na can da na Sakkwato da Kano, ku riƙa sa ɗaliban da ke nazarin waƙar baka su haɗa da shafin bugu a gefen shafin kalmomi, ko da na waƙa ɗaya ne a kowane kundi, su kuma kai wa tsofaffin su duba tun suna da ƙarfin gyarawa.